Majalisar jiha a Amurka za ta iya ture ƙuri'ar jama'a ta naɗa nata wakilan?

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta bakin Masallacin Juma'a. Wani ya dage cewa a Amurka 'yan majalisar dokokin jiha ne ke da wuƙa da nama a zaɓen shugaban ƙasa: in ba su gamsu da wanda jama'a suka zaɓa ba, sai su zauna su naɗa wakilan zaɓen (wato mutanen da ke jefa ƙuri'ar ƙarshe ta fitar da shugaban ƙasa a madadin jiha) da suka ga dama, shi ke nan. Wani kuma ya ce ƙarya ce, kotu ta rufe wannan ƙofa. Malamai da lauyoyin da ke nan, wane ne ke da gaskiya? Kuma mu a nan, Majalisar Dokokin Filato tana da wani hannu makamancin wannan?

Barista Naraguta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kowanne cikinsu ya riƙe rabin zancen. Abin da ya raba su shi ne lokaci: kafin ranar zaɓe, ko bayanta.

Kundin tsarin mulkin Amurka, a sashe na biyu, ya ce kowace jiha za ta naɗa wakilan zaɓe bisa hanyar da majalisar dokokinta ta tsara, kuma yawansu zai yi daidai da yawan sanatocinta da 'yan majalisar wakilanta a haɗe. Ko kaɗan bai ambaci ƙuri'ar jama'a ba. Daga nan aka samo jimillar wakilan zaɓe 538: kujeru 435 na majalisar wakilai, 100 na dattawa, sai 3 da gyaran kundi na 23 ya bai wa birnin Washington a 1961. Mai 270 ya ci. Kalifoniya na da 54, Teksas 40, Filorida 30, ƙananan jihohi irin su Wyoming uku-uku.

A farkon ƙasar, majalisu da yawa da kansu suke naɗa wakilan, ba wanda ya je rumfar zaɓe. A zaɓen farko ma, na 1789, jihar New York ba ta tura ko wakili ɗaya ba, domin zaurukan majalisarta biyu sun kasa daidaitawa kan yadda za a yi. A 1824 jihohi shida ne majalisunsu suka yi naɗin. Zuwa 1832 saura South Carolina kaɗai, ta kuwa ci gaba da hakan har 1860. Na ƙarshe shi ne Colorado a 1876, lokacin da ta zama jiha ana saura watanni kaɗan a yi zaɓe.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da faɗin wannan iko a shari'ar McPherson da Blacker, 1892. 'Yan Democrat ne suka karɓi majalisar Michigan, suka ga ba za su ci jihar gaba ɗaya ba, sai suka yi dokar raba wakilan mazaɓa-mazaɓa. Aka kai ƙara, kotu ta ce majalisa na da cikakken iko kan hanyar naɗi. Ɗan takarar Democrat, Cleveland, ya kwashi 5 cikin 14 na jihar. Da 'yan Republican suka dawo, suka soke dokar. A shari'ar Bush da Gore ta 2000 kotun ta sake faɗa ƙarara cewa ɗan ƙasa ba shi da haƙƙin zaɓar wakilan sai in jiharsa ta ba shi, kuma jihar da ta bayar tana iya karɓewa.

Har nan mutuminku na farko yana kan gaskiya. Inda ya zame shi ne a nan: kundin da ya bai wa jiha ikon tsara hanya, shi ne ya bai wa majalisar tarayya ikon tsayar da lokaci. Tun 1845 ta tsayar da ranar: Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba. A wannan rana ce doka ta ɗauka an naɗa wakilan, ko da ƙidaya za ta ɗauki makonni. Majalisar da ta zauna a Disamba ta ce za ta yi sabon naɗi, ta makara, ta saɓa wa ranar da tarayya ta sa.

Da akwai wata 'yar kafa a tsohuwar dokar, wadda ta ce in jiha ta yi zaɓe amma ta kasa tsayar da zaɓi a ranar, majalisarta na iya tsara yadda za a naɗa wakilai daga baya. An rubuta ta ne saboda ambaliya, da kuma jihohin da dokarsu ke buƙatar zagaye na biyu. Masu son juya sakamako suka so su miƙar da ita ta rufe duk zaɓen da aka yi rigima a kansa. A Disamba 2022 majalisar tarayya ta yi gyara, ta cire wannan sakin layi ɗungurungum. Yanzu doka ta ce za a naɗa wakilai bisa dokokin jiha da aka kafa kafin ranar zaɓe. Ɗage zaɓe kuwa sai in wani babban bala'i ya auku, shi ma sai in dokar jihar ta riga ta tanadi hakan, kuma abin da za a yi shi ne tsawaita jefa ƙuri'a, ba miƙa naɗin ga majalisa ba.

Malama Tudun Wada:

Barista ya kawo tushe. Bari in bi matakan yadda takardu ke tafiya, domin a nan ne ake gane dalilin da ya sa ƙudurin majalisa kaɗai ba ya kai ko'ina.

Tun kafin zaɓe kowace jam'iyya ke miƙa wa jiha sunayen wakilanta. Wasu a babban taron jam'iyya na jiha ake fitar da su, wasu kwamitin jam'iyya, a Pennsylvania kuwa ɗan takarar da kansa ke ba da sunayen. Sanata ko ɗan majalisar wakilai ko mai riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya ba ya zama wakili. Wannan sharaɗi ba wasa ba ne: a 1876 an yi rigima kan wakili guda na Oregon saboda shugaban gidan waya ne, alhali zaɓen da ƙuri'a ɗaya aka raba shi, 185 da 184.

Bayan an jefa ƙuri'a, gundumomi su tattara su tabbatar da nasu, sai hukumar jiha ko sakataren jiha ya tabbatar da jimilla. Daga nan gwamna ya sa hannu a takardar shaida mai ɗauke da sunayen wakilan da suka yi nasara da hatimin jiha. Dokar 2022 ta ce dole takardar ta fita aƙalla kwana shida kafin zaman wakilai, kuma gwamna ne mai bayarwa sai in dokar jihar ta riga ta ambaci wani jami'in. Majalisar tarayya dole ta ɗauki wannan takarda a matsayin magana ta ƙarshe, sai fa in kotu ta ba da umarnin a canza ta. In gwamna ya ƙi sa hannu, ko ya sa wa waɗanda suka faɗi, ɗan takara na iya kai ƙara gaban alƙalai uku na tarayya da za su saurara cikin gaggawa, ɗaukaka ƙara kuma kai tsaye zuwa Kotun Ƙoli.

Wakilan ba sa haɗuwa wuri guda. Kowace jiha nata suna zama a jiharsu, yawanci a ginin majalisa, ranar Talata ta farko bayan Laraba ta biyu a Disamba. A 2024 ranar 17 ce. Ƙuri'a biyu kowa ke jefawa, ɗaya ta shugaba, ɗaya ta mataimaki. Su sa hannu a takardun sakamako guda shida, a haɗa kowace da takardar gwamna, a rarraba wa shugaban majalisar dattawa, da ma'ajin tarihi na ƙasa, da babban jami'in zaɓe na jihar, da alƙalin kotun tarayya na yankin. Ranar 6 ga Janairu zaurukan biyu su haɗu a buɗe a ƙirga. Rantsuwa ranar 20.

Ku duba layin nan da kyau: daga ranar zaɓe zuwa rantsuwa, babu gurbin da ke jiran sa hannun kakakin majalisar jiha.

Shi ya sa abin da aka gwada a 2020 bai yi tasiri ba. Ranar 14 ga Disamba, a jihohi bakwai da Biden ya ci, wato Arizona, Jojiya, Michigan, Nevada, New Mexico, Pennsylvania da Wisconsin, wasu 'yan Republican sun zauna sun sa hannu a takardu sun aika. Babu takardar gwamna a tare da su, kuma babu majalisa ko ɗaya da ta zauna a hukumance ta naɗa su. Shugabannin majalisar Michigan, Mike Shirkey da Lee Chatfield, an gayyace su Fadar White House a Nuwamba, suka fito suka ce doka za su bi. Kakakin majalisar Arizona, Rusty Bowers, shi ma ya ƙi. An ƙirga wa Biden 306, Trump 232.

Gyaran ya kuma taɓa ranar ƙirga. A da sanata ɗaya da ɗan majalisar wakilai ɗaya sun isa su tsayar da ƙirga a tafi muhawarar awa biyu. Yanzu sai kashi ɗaya cikin biyar na kowane zaure sun sa hannu, wato sanatoci 20 da 'yan majalisar wakilai 87, kuma kafin a jefar da ƙuri'un wata jiha sai zaurukan biyu kowanne ya amince da rinjaye. Mataimakin shugaban ƙasa da ke jagorantar zaman, doka ta fayyace cewa aikinsa buɗe ambulan ne da sanarwa, ba ya karɓa ba ya ƙi.

Ɗan Gangare:

Madalla, Malama. To amma shi mutumin namu ya kawo Hawaii ta 1960, ya ce ai can ma rukuni biyu suka zauna kuma aka karɓi na biyun. Ya kuma ce a Filorida a 2000 majalisa ta kusa yin naɗin.

Barista Naraguta:

Mutumin naku ya yi karatu, ba laifi. Sai dai a Hawaii ana tsakiyar sake ƙirga ne bisa umarnin kotu lokacin da ranar zaman wakilai ta zo. An fara bai wa Nixon jihar, sake ƙirga ta nuna Kennedy ne ya ci da ƙuri'a 115, kotu ta tabbatar, gwamnan, wanda ɗan Republican ne, ya aika sabuwar takarda. Nixon da kansa, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya sa aka ƙirga wa Kennedy ukun. Kotu da gwamna ne suka yi aikin, majalisar jiha ba ta shigo ba.

Filorida ta fi kusa da abin da yake nufi. Tazarar ƙuri'a 537 ce, wakilai 25 a kan faifai. Ranar 12 ga Disamba 2000 majalisar wakilan jihar ta zartar da ƙudurin naɗa wakilan Bush, ta dogara da waccan kafar da na ambata. A daren ranar Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirga da alƙalai 5 da 4, majalisar dattawan jihar ba ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin ba. Ba a taɓa gwada shi a kotu ba, kafar kuma yanzu an toshe ta.

Akwai ragowar hujja guda da ake yawan kawowa: tunda kundi ya ambaci majalisar dokoki da sunanta, to ita kaɗai ce, gwamna ba zai ƙi sa hannu ba, kotun jiha ba za ta soke ba, kundin jihar ma bai ɗaure ta ba. Alƙalai uku sun karkata can a 2000, Rehnquist da Scalia da Thomas. Amma tun 1932, a wata shari'a daga Minnesota, kotu ta ce dokar zaɓe doka ce kamar kowace, tana bi ta teburin gwamna. A Yuni 2023, a shari'ar Moore da Harper daga North Carolina, alƙalai 6 da 3 suka yi watsi da wannan fahimta: majalisa 'yar kundin jiharta ce, kotun jiha na iya duba aikinta. A lura, shari'ar kan zaɓen majalisar tarayya ce, ba kan wakilan zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye ba, amma lafazin sassan biyu kusan ɗaya ne. Hukuncin ya kuma bar wa kotunan tarayya damar tsawata wa kotun jiha in ta wuce gona da iri ta mai da kanta mai yin doka, ba tare da ya shata iyakar ba. Nan ne lauyoyi za su ci abinci nan gaba.

Injiniya Bukuru:

Ni ina ganin kun kwantar wa Ɗan Gangare da hankali fiye da kima. Ikon da ya rage wa majalisu kafin zaɓe ba ƙarami ba ne, kuma shi ne ke canza lissafi a zahiri.

Tsarin wanda ya ci jiha ya kwashe duka, babu shi a kundin tsarin mulki. Dokar jiha ce, majalisa na iya canza ta a zama ɗaya. Virginia ta koma kansa ne a 1800 don kada Jefferson ya rasa ko ƙuri'a ɗaya a gida. Yau jihohi 48 da birnin Washington ke binsa. Maine, tun zaɓen 1972, da Nebraska, tun na 1992, suna bai wa wanda ya ci jiha wakilai biyu, sauran kuma ɗaya-ɗaya ga wanda ya ci kowace mazaɓar majalisar wakilai. Shi ya sa mazaɓar Omaha a Nebraska ta tafi ga Obama a 2008, Biden a 2020, Harris a 2024, ita kuma mazaɓa ta biyu a Maine ta tafi ga Trump sau uku.

A 2024 an matsa wa majalisar Nebraska ta koma tsarin kwashe duka ana saura makonni a yi zaɓe, don ƙuri'ar Omaha guda ɗaya tak. Majalisar zaure ɗaya gare ta, mutum 49, kuma ana buƙatar 33 kafin a rufe muhawara a kai ga ƙuri'a. A Satumba Mike McDonnell, sanata a majalisar jihar, ya ce ba zai goyi baya ba, magana ta mutu. Da ya yarda, da babu kotun da za ta hana, domin kafin ranar zaɓe ne.

Tsarin mazaɓa yana da kyau a ido, amma ga inda yake lalacewa: majalisar da ke yanka mazaɓu ita ce za ta raba wakilan. In ta yanka su yadda jam'iyyarta za ta ci mafi yawa, ɗan takara na iya cin jihar da ƙuri'u ya tashi da wakilai kaɗan. Jam'iyyu kan tuna da wannan tsari ne a jihar da suke riƙe da majalisa amma suke faɗuwa zaɓen shugaban ƙasa.

Wannan ikon dai shi ne ɗaya ɓangaren ke amfani da shi ta wata fuska. Akwai yarjejeniyar da Maryland ta fara shiga a 2007: jihohin da suka sa hannu za su bai wa wanda ya fi yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa dukkan wakilansu, ko da ya faɗi a jihar. Ba za ta fara aiki ba sai jihohin da ke ciki sun kai 270. Zuwa 2024 jihohi 17 da birnin Washington sun shiga, da wakilai 209. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne 2000 da 2016, inda mai ƙarancin ƙuri'u ya hau. A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da kusan miliyan 2.9. In ta cika, shari'a za ta biyo baya kan ko yarjejeniyar jihohi irin wannan na buƙatar amincewar majalisar tarayya.

Sannan majalisa ce ke yanke ko wakili zai iya saɓa alkawari. A 2016 wakilai bakwai sun jefa wa wani daban, sakamako ya tashi Trump 304, Clinton 227, maimakon 306 da 232. Jihar Washington ta ci nata tarar dala 1,000 kowanne, Colorado ta cire nata ta sa wani. A Yuli 2020 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce jiha na da wannan iko. Tara ba ta gyara komai, tunda ƙuri'ar ta riga ta shiga. Dokar da ke aiki ita ce wadda ta ce da zarar wakili ya rubuta sunan wani, ƙuri'arsa ta lalace, kujerarsa ta zama babu kowa, a maye gurbinsa nan take a ɗakin. Har yanzu akwai jihohin da ba su da kowace irin doka a kai.

Wurin da ya fi rauni a ganina ma ba majalisa ba ne, gunduma ne. A Nuwamba 2020 hukumar tabbatar da sakamako ta gundumar Wayne, inda Detroit take, ta rabu biyu da biyu na 'yan sa'o'i kafin ta sa hannu. A 2022 jami'an gundumar Cochise a Arizona sun ƙi tabbatarwa sai da alƙali ya tilasta su. Tsakanin ranar zaɓe da wa'adin takardar gwamna mako biyar ne kacal. Gundumomi kaɗan su ja ƙafa, lokaci ya ƙure.

Malama Tudun Wada:

Gaskiya ne, Injiniya. Dokar 2022 ta ɗan rage ribar irin wannan jan ƙafa: in jiha ba ta naɗa wakilai ba, ana cire adadinta daga jimilla, sai rinjayen da ake nema ya sauko ƙasa da 270. Ke nan hana wata jiha shiga ba ya tura zaɓen kai tsaye zuwa majalisar wakilai ta tarayya. Can kuwa, in an je, kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, Wyoming daidai da Kalifoniya, ana neman 26 cikin 50, daga 'yan takara uku na sama. Rabon da a yi haka tun 1825, lokacin da aka bai wa John Quincy Adams duk da Andrew Jackson ya fi shi wakilai.

Sai tambayarka ta biyu, Malam, da ba wanda ya taɓa. Majalisar Filato, da mambobinta 24, ba ta da hannu ko na sisin kwabo a zaɓen shugaban ƙasa. INEC hukumar tarayya ce, dokar zaɓe majalisar tarayya ke yinta, kuma babu wakilai tsakanin mai zaɓe da ɗan takara. Ƙuri'ar da aka jefa a Gangare tana shiga takardar sakamako ta EC8A a rumfa, ta wuce mazaɓa, ta wuce ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ta wuce cibiyar tattarawa ta jiha, a kai Abuja inda shugaban INEC ke sanarwa. Gwamna ba ya sa hannu a ko'ina. Abin da ke hannun jiha shi ne zaɓen ƙananan hukumomi, wanda PLASIEC, hukumar zaɓen jihar, ke gudanarwa bisa dokar da majalisar jiha ta yi. Hanya ɗaya da majalisun jihohi za su taɓa zaɓen shugaban ƙasa ita ce gyaran kundi, inda sashe na 9 ke buƙatar amincewar 24 daga cikin 36.

Jihohi suna shigowa lissafinmu ne ta sashe na 134: ban da yawan ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Rigimarmu a nan take tsayawa. A 1979, da jihohi 19, Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano ya samu kashi 19.94. Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin cewa kashi biyu cikin uku na jihohi 19 shi ne sha biyu da biyu bisa uku, ta ce abin da ya samu a Kano ya wadatar. A Oktoba 2023 kuma ta yanke cewa Abuja ba ta da wani matsayi na daban, ba dole sai an samu kashi 25 a can ba.

Barista Naraguta:

Ƙari ɗaya ga Injiniya. Ko majalisar wata jiha za ta iya yin doka tun kafin zaɓe ta ce daga yau mu za mu naɗa wakilai, babu ƙuri'ar jama'a? A kundin tarayya, bisa hukuncin 1892 da na 2000, ƙofar a buɗe take. Amma sai dokar ta wuce zaurukan majalisar, ta wuce gwamna ko a samu rinjayen da zai tsallake shi, ta kuma tsira a kotun jiha in kundin jihar ya bai wa jama'a wannan haƙƙi. Waɗanda suka kaɗa mata ƙuri'a kuma su ne za su koma neman ƙuri'a wurin mutanen da suka ƙwace wa. An gabatar da ƙuduri mai kama da haka a majalisar Arizona a 2021, wanda zai ba ta damar soke sakamakon da aka tabbatar. Bai kai ga zama doka ba.